Zazzaɓi Ba Sunan Ciwo Ba Ne

Wannan shi ne jawabin da ma'aikacinmu na sashen raya karkara ya yi wa ɗaliban kiwon lafiyar al'umma 'yan shekarar farko, kafin su fita aikin koyo a ƙauyukan da muke aiki. Mun buga shi a nan domin kwamitocin lafiya na ƙauyuka da zumuntar mata su ma su amfana.

 

Bari in faɗi gaskiya tun da fari. Ni ba likita ba ne, ba kuma nas ba ne. Difloma nake da ita a fannin raya karkara, aikina kuwa shi ne rijiya da masai da taron kwamiti a gindin bishiya. Malamanku sun fi ni sanin abin da ke cikin littafi nesa ba kusa ba. Abin da ni na sani shi ne abin da yake faruwa bayan mara lafiya ya bar ɗakin shan magani ya koma gida, domin a can nake samunsa. Saboda haka zan fara da labarin gidanmu.

'Yar yayata tana da shekara 16 lokacin da ta fara zafin jiki da yamma-yamma, da ɗan tari, ga rashin son abinci. Aka je kemis, aka ce maleriya ce. Ta sha magani, ta ɗan ji sauƙi, bayan mako biyu abin ya dawo. Aka kai ta wani asibitin kuɗi, aka ɗebi jini, aka ce maleriya ce da taifot. Aka yi allurai, aka ba da kafso. Sau huɗu ana wannan cikin wata biyar. An sayar da awaki biyu da buhun masara. Zuwa na uku ni ne na biya kuɗin da hannuna, ban kuwa tambayi komai ba, na karɓi takardar gwaji na sa a aljihu kamar na gane abin da ke ciki. Yarinya tana ta ramewa, har aka fara raɗe-raɗi cewa sammu ne.

Wadda ta gano abin ba babbar likita ba ce. Wata ma'aikaciya ce a ƙaramin asibitin gwamnati, mai irin takardar da ku ma kuke nema. Ba ta taɓa allura ba. Ta zaunar da yarinyar ta tambaye ta: tarin nan ya kai mako nawa? Kina gumi da dare? Siket ɗinki ya yi miki yawa? Akwai mai tari a gidanku? Ta ɗora ta a kan sikeli, ta ba ta 'yar kwalba ta tofa majina, ta aika da ita babban asibiti. Tarin tibi ne. Ta sha magani wata 6 kyauta, ta warke sarai. Kakanta kuma, wanda ya fi shekara yana tari muna cewa na tsufa ne, aka gwada shi aka sami ciwon a jikinsa. A wurinsa ta ɗauka.

Duk abin da zan faɗa yau yana cikin wannan labari. Akwai abubuwa uku da muke haɗawa a baki ɗaya, alhali kuwa kowanne daban yake: kamuwa da ƙwayar cuta, ciwon kansa, da kuma alamar ciwo.

Kamuwa ita ce ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, ta sami wurin zama, ta fara hayayyafa. Ciwo kuwa shi ne lokacin da aikin jiki ya fara lalacewa, mutum ya kasa abin da ya saba yi. Ba duk wanda ya kamu ne yake kwanciya ba. A gidan yayata mutum tara ne suke shaƙar iska ɗaya da tsohon nan, amma yarinya ɗaya ce ta kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tibi, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 nasu ne kawai ciwon zai bayyana a jikinsu a tsawon rayuwarsu. A jikin sauran, garkuwar jiki ta tsare ƙwayar kamar ɓarawon da aka kulle a ɗaki. Idan yunwa ta zo, ko ƙanjamau, ko ciwon sukari, ko tsufa, sai ƙofar ta buɗe. Shi ya sa nake cewa buhun wake a gidan matalauci shi ma magani ne, ko da yake ba a rubuta shi a kati.

Wanda ƙwayar tibi take kwance a jikinsa ba tare da ciwo ba, ba ya ba wani. Amma ku lura, ba haka kowace cuta take ba. Ku ɗauki shan inna. Yawancin yaran da suka kamu da ita ba sa nuna komai, suna wasansu, amma ƙwayar tana fita a cikin kashinsu. Kusan ɗaya cikin 200 ne ƙafarsa take shanyewa har abada. Wato idan kun ga yaro ɗaya da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ku sani akwai wasu da yawa a unguwar da suke ɗauke da ita. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe, amma ana ci gaba da ɗigon rigakafi, kuma duk yaron da ƙafarsa ta saki dole ne a kai rahotonsa. Haka nan ciwon hanta nau'in B: mutum zai yi shekaru yana noma yana kasuwa lafiya lau, alhali yana iya ba matarsa, uwa kuma tana iya ba jaririnta wajen haihuwa.

Tsakanin shigar ƙwaya da bayyanar ciwo akwai kwanaki, kuma kowace cuta da nata. Kwalara tana iya bayyana cikin awa 12, ba ta cika wuce kwana 5 ba. Maleriya takan ɗauki kwana 10 zuwa 15 bayan cizon sauro. Zazzaɓin Lassa yana iya kai kwana 21. Ciwon haukan kare yakan ɗauki wata 2 ko 3, lokacin da mutum ya riga ya manta da cizon. Amfanin sanin wannan shi ne ku daina tambayar “me ka ci jiya?” kaɗai. Ku koma baya. Ina ka je makonni uku da suka wuce? Ka je jana'iza? Ka yi jinyar wani? Wane ruwa kuka sha a hanya?

Su ƙwayoyin cutar ma ba dangi ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, su ne suke kawo tibi da taifot da kwalara da mashaƙo. Akwai bairos, su ne na ƙyanda da shan inna da mura da Lassa da ƙanjamau. Ƙwayar maleriya wani iri ce daban, tana zama a hanta da cikin jini. Ga tsutsotsi irin na ciki da na tsargiya, ga kuma irin wanda yake kawo makero a kan yara. Za ku haddace waɗannan domin jarrabawa, amma dalilin da ya sa ya kamata su zauna muku a kai shi ne magani. Kafson da yake kashe bakteriya ba ya yi wa bairos komai. Idan ka ba yaro mai mura amoksilin, ba ka taɓa murar ba, ka dai koya wa bakteriyar da ke jikinsa yadda za ta jure wa maganin. Iyayenmu da ke nan sun tuna lokacin da kulorokwin take aiki kamar yankan wuƙa. Ƙwayar maleriya ta saba da ita, har a 2005 Najeriya ta canza zuwa magungunan da muke amfani da su yanzu. Ba mu da tabbacin cewa za a riƙa samo sabo duk lokacin da muka lalata tsoho.

Hanyoyin da suke bi su shiga jiki kuwa kun san su: iska, ruwa da abinci, cizon sauro da ƙuda, jini da saduwa, taɓa ruwan jikin mara lafiya, da uwa zuwa ɗa. Ba zan daɗe a nan ba, ko da yake nan ne gonata. Abu ɗaya zan ce: idan kuka ga gudawa tana dawowa daga unguwa ɗaya kowane mako, ku tashi daga kan kujera ku je ku dubi rijiyarsu, ku auna tazararta da masai.

To, akwai kuma ciwon da babu ƙwayar cuta a cikinsa sam. Hawan jini, ciwon sukari, sikila, tamowa, duk ba a ɗaukarsu a wurin wani. Wannan yana da sauƙin faɗa a aji, amma ku ji abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010. A wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, ƙananan yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa. Wurin da aka saba da maleriya da sanƙarau, kowa tunaninsa can ya tafi. An ba da maganin maleriya, an ba da maganin bakteriya, yara ba su daina mutuwa ba. Sai ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da abin da ake yi a cikin gidajen: ana kawo duwatsun zinariya daga rami ana daka su, ana niƙa su, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna sa hannu a baki. Aka ɗebi jini aka aika gwaji, aka sami gubar dalma mai yawan gaske. Yara fiye da 400 suka rasu. Jijjigar da mai sanƙarau yake yi ita ce wadda waɗannan yara suka yi. Alama ɗaya, dalili daban. Tambayar “wace sana'a ake yi a gidan nan?” ita ce ta buɗe hanya.

Wannan ya kawo ni kan abu na uku, wato alama. Zafin jiki alama ce. Ciwon kai, tari, gudawa, jijjiga, ido ya yi ɗorawa, duk alamu ne. Matsalarmu a Hausa ita ce da an ce zazzaɓi, sai zuciya ta ce maleriya, kamar kalma ɗaya ce. Ba haka ba ne. Zazzaɓi kamar kukan kare ne da dare: ya gaya maka akwai wani abu a waje, bai gaya maka ko ɓarawo ne ko akuya ce ta kwance ba. Maleriya tana kawo shi, haka ma ciwon huhu, ciwon kunne, ciwon mafitsara, ƙyanda, sanƙarau, tibi da Lassa.

Mara lafiya kuma zai zo muku da sunan ciwonsa a baki. Zai ce shawara ce, ko basir, ko sanyi, ko rana ce ta kama yaro. Kada ku yi masa dariya, kada kuma ku rubuta abin da ya faɗa kamar kun gama aiki. A bakin mutanenmu basir yana iya zama jini a bayan gida, yana iya zama ciwon baya, yana iya zama wata matsala da namiji yake jin kunyar faɗa. Ku ce, “Baba, wannan basir ɗin, yaya yake yi maka?” A nan ne za ku ji ainihin maganar. Abin da mutum ya gaya muku yana ji daban ne, abin da ku kuka gani da idonku ko kuka auna daban ne, ku rubuta su duka biyu.

Gano ciwo yana tafiya a kan ƙafa uku kamar murhu: tambaya, dubawa, da gwaji. A ganina ta farkon ita ce aka fi wulaƙantawa, domin ba ta da na'ura kuma ba a biyan kuɗinta. Na sha tsayawa a baranda ina kallo, kafin uwa ta gama kwance goyo an riga an rubuta magani. Na san akwai layi, na san wani lokaci mutum ɗaya ne a bakin aiki. Duk da haka minti biyar na sauraro ya fi wata biyar na yawo arha. Ku gaisa, ku bar mutum ya gama maganarsa. Idan budurwa ce ko matar aure, ku nemi wurin da ba a jin muryarta daga waje, in ba haka ba rabin labarin za ku samu.

Dubawa kuwa, yawancin kayanta suna jikinku ko a aljihunku. Ma'aunin zafin jiki, sikeli, agogo, tocila, da igiyar auna damtsen yaro. Ku buɗe rigar yaro ku ƙirga numfashinsa minti ɗaya cikakke yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Yaro mai tari da saurin numfashi, ciwon huhu za ku fara tunani, ko da uwarsa ta ce zazzaɓi ne kawai. Damtsen da bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ce mai tsanani. Ku ja fatar ido ta ƙasa ku ga ko akwai jini, ku dubi tafin hannu, ku gwada ko wuya yana lanƙwasuwa. Akwai kuma alamun da ba a zama a yi shawara a kansu: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Wannan ku ba da taimakon farko da aka koya muku, ku nemi abin hawa a wuce da shi babban asibiti nan take.

Sai gwaji. Mutanenmu suna girmama takardar lab ƙwarai, ni ma na gaya muku yadda na sa tawa a aljihu. Gwaji abu ne mai kyau. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada duk wanda ake zaton yana da maleriya kafin a ba shi magani, kuma gwajin gaggawa na ɗigon jini a yatsa yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20. Idan ya nuna babu, ku yarda da shi ku ci gaba da neman dalilin zazzaɓin, kada ku ce “bari dai mu ba da maganin ko da wani abu”. Amma gwaji amsar tambaya ɗaya kawai yake bayarwa. Irin gwajin gaggawa da aka fi amfani da shi yana iya ci gaba da nuna akwai maleriya har makonni bayan mutum ya sha magani ya warke. A wurare irin namu kuma mutane da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jininsu ba tare da ciwo ba. Saboda haka layi biyu a kan gwajin bai hana mutum yana da wani ciwon daban da shi ne yake cinsa ba. Mai yiwuwa abin da ya faru da 'yar yayata ke nan.

Gwajin Widal kuwa, wanda ake cewa na taifot, shi ne ya fi cin awakin talakawa. An ƙirƙiro shi tun 1896 a Faransa. Ba ya ganin ƙwayar taifot kanta, sawun da ta bari a jini yake nema. Wanda ya taɓa kamuwa a da, ko yake fama da wani zazzaɓin daban, har da maleriya, yana iya nuna akwai. Hanyar da ta fi tabbaci ita ce a shuka jinin a lab a ga ko ƙwayar za ta tsiro, wannan kuwa yana ɗaukar kwanaki, ba kuma kowane asibiti yake da shi ba. To, idan babu shi, sai a koma ga labarin mara lafiya da abin da aka gani a jikinsa. Akwai kuma kishiyar wannan, wato gwaji ya ce babu alhali akwai. Wanda ya kamu da ƙanjamau kwanan nan, gwajin gaggawa yana iya rasa ganinta na wasu makonni, wani lokaci har wata 3, shi ya sa ake cewa ya dawo a sake.

Idan mara lafiya ya dawo bai warke ba, wannan ma amsa ce. Kada ku maimaita maganin jiya da ƙarfi. Ku fara tambaya daga farko kamar ba ku taɓa ganinsa ba. Tarin da ya kai mako 2, a gwada majina. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da aka keɓe, akwai kuma na'urar GeneXpert da take ba da amsa cikin kamar awa 2. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na bakteriya, musamman da rani, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini ko kumburin fuska, ku tuna da Lassa.

A kan Lassa zan ɗan tsaya, domin labarinta labarin ma'aikatan lafiya ne. A watan Janairu na 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kwanta da zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, wanda yake cikin Jihar Borno a yau. Aka kawo ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu, a can kuma aka gano sabuwar ƙwayar cuta, aka sa mata sunan garin. A 1970 ciwon ya sake ɓulla a Jos, Dokta Jeanette Troup ta yanke hannunta tana binciken gawa, ita ma ta rasu. Daga baya aka gano cewa wani irin ɓera ne yake ɗauke da ƙwayar, tana fita a fitsarinsa da kashinsa ta shiga abinci. Kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, wasu ma ba sa sanin sun kamu, ga kamuwa ba tare da ciwo ba kuma. Amma wanda ta kama da ƙarfi, jininsa da amansa da fitsarinsa haɗari ne ga mai jinya, kuma har yanzu kusan kowace shekara ana rasa ma'aikatan lafiya a ƙasar nan ta wannan hanya.

A kwanakin farko mai Lassa bai bambanta da mai maleriya ba. Wato ba za ku jira sai kun san sunan ciwo kafin ku kare kanku ba. Safar hannu duk lokacin da za ku taɓa jini ko wani ruwan jiki, wanke hannu da sabulu kafin da bayan kowane mara lafiya, allura ɗaya mutum ɗaya, kada kuma a mayar wa allura murfi bayan an yi amfani da ita. Idan kuna zaton Lassa ce, ku keɓe mara lafiyan, ku rage masu shiga wurinsa, ku kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ku nemi lambarsa a ranar farko da kuka isa, kada ku bari sai ranar da kuke buƙatarta.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. A ƙauye, daga ranar da kuka sa farar riga kun zama “likita”. Sunan yana da daɗi a kunne, kuma zai sa ku ji nauyin cewa “wannan ya fi ƙarfina”. Mai unguwa zai zo da kansa ya ce a yi wa ɗansa allura ko ƙarin ruwa, domin a ganinsa ƙwaya ba magani ba ce. Ku gaishe shi da ladabi, ku bayyana masa abin da kuka gani da abin da kuke tsoro. Idan turawa za ku yi, ku rubuta takarda mai kyau: ranar da ciwon ya fara, abin da kuka auna, gwajin da kuka yi, maganin da aka riga aka sha, har da na kemis da na gargajiya. Bayan kwana biyu ku bi sawu ku ji ko sun tafi, domin sau da yawa kuɗin mota ne yake hana su, ba taurin kai ba. A wasu ƙauyukan da za ku je kwamitin lafiya yana da ɗan asusu na irin wannan buƙata, ku tambayi shugaban kwamitin.

Na ga malam yana duban agogo. Gobe da ƙarfe 7 mota za ta tashi daga bakin ofis, kowa ya zo da agogo mai nuna daƙiƙa da ɗan littafin rubutu. Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu, wadda ta fi ƙarfina zan miƙa wa malamanku.